Inda Tsuntsayen Turai Ke Zuwa Ci-rani: Wuraren Ziyarar Iyali A Yankin Tafkin Nguru

Da zarar an ajiye biro a jarrabawar ƙarshe ta zangon farko, tambaya ɗaya ce ke yawo a bakin aji da ɗakunan kwanan ɗalibai: ina za a yi hutu? Wasu za su ce ƙauye wajen kaka, wasu Abuja ko Kaduna gidan yayye. Mafi yawa kuwa a gida za su ƙare, daga barci sai danna waya, har a koma makaranta ba a ga wani sabon abu ba. Idan malamin Turanci ko na Hausa ya ce a rubuta insha'i kan yadda aka yi hutu, sai a shiga ƙirƙirar tafiyar da ba a yi ba.

A wannan mako mun kawo muku wani yanki da ke nan kusa da mu, a kan iyakar jihohin Jigawa da Yobe, wanda masana tsuntsaye ke tasowa tun daga Turai domin su gan shi, alhali da yawa daga cikinmu ba mu taɓa jin sunansa ba sai a littafin labarin ƙasa. Shi ne dausayin Haɗeja da Nguru, ƙasar tafkuna da fadamu da goruba. Wuri ne da Baba da Umma da ƙanne har da Kaka kowa zai samu abin kallo, kuma hutun Disamba ya faɗo daidai lokacin da ya fi kyau.

Yadda ruwa ya gina wannan ƙasa

Kafin mu shiga mota, bari mu ɗan buɗe taswira. Kogin Kano da Kogin Challawa suna haɗewa su zama Kogin Haɗeja. Daga kudu kuma Kogin Jama'are yana gangarowa daga tsaunukan Jos. Muddin suna bisa ƙasa mai duwatsu, kowane kogi yana tafiya a cikin kwarinsa. Amma da sun iso wajajen Haɗeja sai su tarar da shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai rairayi, wadda tsofaffin tuddan yashi suka jeru a cikinta. Nan sai ruwan ya rage gudu, ya rarrabu hanya-hanya, ya bazu tsakanin tuddan. Abin da ya tsira daga nan shi ne ke sake haɗuwa ya zama Kogin Yobe, ya bi ta Gashuwa da Gaidam ya nufi Tafkin Chadi.

A watannin Agusta da Satumba ruwa yakan cika fadamun. Daga Oktoba sai ya fara ja da baya a hankali, yana barin tafkuna da ƙasa mai laima. Abin sha'awa shi ne fili ɗaya yakan ciyar da mutum uku a shekara. Lokacin da ruwa ya cika, na masunci ne da mai noman shinkafa. Da ya janye, mai noman rani ya bi laimar ya shuka wake ko kankana ko masara. Bayan an girbe, makiyayi ya shigo da shanunsa. Hausawa da Badawa da Mangawa da Fulani sun daɗe suna zaune a kan wannan tsari.

Duniya ma ta san da wurin. Akwai wata yarjejeniya ta kare dausayi da ƙasashe suka sa wa hannu a garin Ramsar na ƙasar Iran a ranar 2 ga Fabrairun 1971. Wuri na farko da Najeriya ta shigar cikin jerin wannan yarjejeniya shi ne Tafkin Nguru da mashigar ruwa ta Marma, a shekarar 2000. A 2008 aka ƙara da Baturiya da Dagona. Ku riƙe waɗannan sunaye uku, domin su ne ƙashin bayan tafiyarmu.

Zango na farko: Haɗeja

Ga wanda ya taso daga Kano ko Dutse, Haɗeja ce ƙofar shiga. Kada ku wuce ta da gudu. Gari ne mai tarihin da kuke karantawa a aji. A nan Sarki Buhari ya yi mulki a tsakiyar ƙarni na 19, ya kuma bijire wa umarnin Sakkwato. A nan ne kuma, a watan Afrilun 1906, Sarki Muhammadu ya ƙi miƙa wuya ga sojojin Turawan Ingila, aka kashe shi tare da jarumansa da dama, abin da ya sa har gobe ake kiransa Mai Shahada. Ku je ƙofar fada, ku ga ƙofofin gari, ku nemi wani dattijo ya nuna muku inda ganuwa ta bi. A cikin masarautar ne kuma Garun Gabas yake, wato tsohon garin Biram, ɗaya daga cikin Hausa Bakwai. Ɗalibin da ya taka ƙasar Biram da ƙafarsa da wuya ya manta da ita idan aka ce ya lissafo bakwai ɗin a jarrabawa.

Inda Umma za ta fi jin daɗi kuwa shi ne kasuwar kifi. Haɗeja ta yi suna wajen cinikin busasshen kifi da banda, ana loda shi a kwalaye zuwa kudancin ƙasar nan. Ku mayar da zagayen kasuwar wasa tsakaninku da ƙannenku: wa zai fi gane sunayen kifaye? Ga tarwaɗa mai gashin baki, ga karfasa, ga bargi, ga kurungu mai ƙaya, ga ragon ruwa. Idan kun yi sa'a za ku ga gaiwa, kifin nan da ke iya binne kansa a cikin laka idan tafki ya ƙafe, ya zauna watanni yana shaƙar iska har ruwa ya dawo. Malamin kimiyyar halittu zai ji daɗi idan kuka koma masa da labarinta.

Zango na biyu: Baturiya

Daga Haɗeja sai ƙaramar hukumar Kirikasamma, inda dajin Baturiya yake. A nan ne za ku fara ganin ainihin kamannin yankin: kududdufai da tafkuna a tsakanin itatuwan gabaruwa da giyayya da goruba, ga bado ya rufe fuskar ruwa da faffaɗan ganye da farin fure. Yana cikin wuraren da gwamnatin tarayya ta amince a 2020 a ɗaga su zuwa matsayin gandun daji na ƙasa.

Baturiya ta dace da masu ƙananan yara domin ba sai an shiga jirgin ruwa ba. A tsaye a gaɓa, ko a zaune bisa tabarma a inuwa, za a ga balbela da zalɓe da garken kirinjijiya suna tashi da kukan nan nasu mai kama da fito. Sai dai wurin daji ne, kuma hanyoyin cikinsa na ƙasa ne. Ku fara isa wajen mai gari da ma'aikatan gandun, su haɗa ku da ɗan jagora. Matambayi ba ya ɓata.

Ku kula da goruba sosai, don babu abin yarwa a jikinta. 'Ya'yanta ana gwaguya, ana kuma jiƙa su a sha. Ganyen ƙananan, wato kaba, da shi ake saƙa tabarma da igiya da kwando. Idan kuka sayi tabarma ɗaya daga hannun matan ƙauyen da suka saƙa ta, kun samu tsaraba, kun kuma bar wani abu a gidan da ya karɓe ku.

Zango na uku: Nguru da tafkinta

Nguru gari ne da ya ga zamani iri-iri. A lokacin daular Borno nan ne mazaunin Galadima, babban hakimin da ke tsare wa Mai iyakarsa ta yamma, wato ɓangaren da ke fuskantar ƙasar Hausa. A 1930 titin jirgin ƙasa daga Kano ya iso garin, ya kuma tsaya a nan, don Nguru ce ƙarshen layin. Wannan ya mayar da ita babbar matattarar gyaɗa da fatu da ƙaro da shanu, har fatake daga Jamhuriyar Nijar suna sauke kaya. Ku je ku ga tsohuwar tashar jirgin. Da yawa daga cikin ƙannenmu ba su taɓa ganin inda dogo ya ƙare ba, kuma Kaka za ta iya ba ku labarin zamanin da hawa jirgin Nguru yake abin alfahari.

Tafkin kuwa yana gefen gari, yana shan ruwa daga Kogin Haɗeja ta mashigar Marma. Lokacin da ya fi daɗin zuwa shi ne da sassafe bayan sallar asuba, sa'ad da masunta ke dawowa da abin da suka kwana suna nema, mata da dillalai suna jiran su a gaɓa. Ku tsaya ku kalli kayan aikinsu: taru, da birgi, da mali, da ƙugiya. A wasu wuraren har yanzu za ku ga mai su ya kifa cikinsa bisa ƙatuwar gora, yana yawo a kan ruwa da koma a hannu. Da ganinsa kamar abu mai sauƙi, amma gwanintar shekaru ce, kada wani ya ce zai gwada.

Da yamma kuma, idan rana ta yi ja ta kusa faɗawa, tsuntsaye kan dawo makwancinsu garke-garke. Wanda ke da waya mai kyamara, wannan ne lokacinsa.

Zango na huɗu: Dagona, masaukin baƙi daga Turai

Tsakanin Nguru da Gashuwa, a ƙasar Bade, akwai ƙauyen Dagona, kusa da wani tafki da aka keɓe musamman domin tsuntsayen ruwa. Yana ƙarƙashin Gandun Dajin Ƙasa na Yankin Tafkin Chadi, wanda aka kafa a 1991. A 1989 Yarima Filib, mijin Sarauniyar Ingila Elizabet ta biyu, ya zo har nan domin ya ga tsuntsayen da idonsa.

Me ya sa mutum zai baro fadar Ingila ya zo Dagona? Saboda wasu daga cikin tsuntsayen da ke wurin daga can nahiyarsu suka taso. Idan hunturu ya shiga a arewacin Turai da Rasha, tafkuna kan daskare su zama ƙanƙara, ƙwari su ɓace, dare ya yi tsawo. Tsuntsun da abincinsa ke cikin ruwa ba shi da zaɓi sai ƙaura. Sai su taso, su ƙetare Bahar Rum, su ƙetare hamadar Sahara, tafiyar dubban kilomita. Bayan sun fito daga hamada da yunwa da ƙishi, dausayin Haɗeja da Nguru na cikin wurare na farko masu yalwar ruwa da suke tararwa. Nan suke yin watannin sanyi. Wajajen Fabrairu da Maris sai su dage da ci su tara kitse, domin kitsen nan shi ne guzurinsu na komawa gida, inda za su yi sheƙa su ƙyanƙyashe. Ci-rani ke nan sak, irin wanda muka sani, sai dai su ba su da fasfo ba su da kuɗin mota.

A cikin baƙin akwai wata ƙaramar agwagwa wadda namijinta ke da farin layi a saman ido, da wata mai dogon wuya da wutsiya mai tsini, da wasu masu dogayen ƙafafu da ke sauka a gonakin shinkafa ɗari-ɗari. Ga kuma 'yan gida da ba sa zuwa ko'ina: dinya, kirinjijiya, zalɓe, zakaran ƙeƙuwa, wani lokaci har da kwasakwasa mai jaka a ƙarƙashin baki. An ƙidaya nau'in tsuntsaye sama da 300 a dausayin baki ɗaya, kuma a kowane watan Janairu masana da masu sa-kai sukan fita ƙidayar tsuntsayen ruwa, kamar yadda ake yi a ƙasashe da yawa a wannan wata.

Kada ku nemi shamuwa a Disamba. Ita tata tafiyar akasin tasu ce: tana zuwa mana da farkon damina, ta yi sheƙa a itatuwan cikin gari, idan rani ya shigo ta nufi kudancin Afirka. Shi ya sa manoma ke ɗaukar zuwanta a matsayin albishirin ruwa.

Idan aka taɓa nuna muku tsuntsu mai ɗan zoben ƙarfe a ƙafa da lambobi a jiki, ba tsafi ba ne. Masu bincike ne suka sa masa a wata ƙasa domin su gane hanyar da yake bi. Abin da ya dace shi ne a rubuta lambobin a kai wa ma'aikatan gandun.

Kallon tsuntsu yana da ladubba. A sa tufafi marasa ƙyalli, a rage murya, a bar danƙo da gwafa a gida. Tsuntsun da aka firgita ya tashi, ya ƙona kitsen da yake tarawa don tafiya. Wanda ya samu aron madubin hangen nesa ya riƙo, wanda bai samu ba idonsa ya ishe shi, muddin zai yi haƙuri ya zauna shiru na minti 20.

Ga mai sauran kwanaki

Iyalin da ke da lokaci za su iya ƙarasawa Gashuwa, hedikwatar masarautar Bade, inda akwai jami'ar tarayya da aka kafa a 2013. Ɗan aji shida da ke tunanin inda zai cike a takardar JAMB zai amfana da ganin harabar jami'a da idonsa. A Gogaram, tsohon birnin Badawa, ake yin bikin kamun kifi da al'adu na Bade, inda masunta ke faɗawa ruwa lokaci guda da goruna da koma. Masarauta da gwamnatin jiha ne ke sanar da ranarsa, sai a saurari rediyo.

Arewa maso yamma da Nguru akwai Macina, gari a gindin duwatsu, wanda ya shahara da labarin zumuncin da ke tsakanin gidan sarautarsa da macizai. Can arewa kuma, a ƙaramar hukumar Yusufari, akwai Tulo-Tulowa, inda tuddan rairayi irin na Sahara suka kewaye dausayi mai dabino da goruba. Wannan tafiya ce mai nisa da ke buƙatar mota mai ƙarfi da wanda ya san hanya, ba ta dace da jarirai da tsofaffi ba.

Akwai wani abu kuma da ya kamata kowane ɗalibi ya sani game da ruwayen Yobe. A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya kusa da ƙauyen Dufuna a ƙaramar hukumar Fune, sai ya ci karo da wani katako a ƙarƙashin ƙasa. Masana daga Jami'ar Maiduguri da ta Farankfot a Jamus suka tono shi a 1994. Ashe kwale-kwale ne, tsawonsa ya haura mita 8, shekarunsa kimanin 8,000. Shi ne jirgin ruwa mafi tsufa da aka taɓa samu a Afirka, kuma an kai shi Damaturu an adana. Duk sa'ad da kuka ga masunci yana tuƙi a Tafkin Nguru, ku tuna cewa sana'ar sassaƙa jirgi a wannan yanki ta girmi dalar Masar.

Ruwa ba abokin wasa ba ne

Wannan sashe muna roƙon ku karanta wa iyayenku shi da babbar murya. A ranar 30 ga Nuwamban 2021, jirgin ruwa ya kife a madatsar Watari da ke Bagwai a Jihar Kano, mutane sama da 20 suka rasu, akasarinsu ɗaliban Islamiyya, sa'o'inku da sa'o'in ƙannenku. Irin wannan hatsari yana maimaituwa a kogunan Arewa kusan kowace shekara, kuma dalilan ba sa canzawa: lodi fiye da kima, tafiyar dare, tsohon jirgi, da rashin rigar kariya daga nutsewa.

Saboda haka, idan za a shiga jirgi a Nguru ko wani wuri, kowa ya sa rigar kariya, babba da yaro. Idan mai jirgi ba shi da ita, a haƙura, kallo daga gaɓa ya wadatar. Idan kuka ga bakin jirgi ya kusa taɓa ruwa saboda nauyi, ku sauka ko da an biya kuɗi. Ba a miƙewa tsaye a cikin kwale-kwale don ɗaukar hoto, ba a kuma taruwa a gefe guda. A dawo gaɓa kafin la'asar ta yi sanyi. Faɗa wa babba cewa jirgin nan ya cika ba rashin kunya ba ne, in dai an faɗa da ladabi.

Abu na biyu shi ne wanka. Ruwan tafki da na fadama da ba ya gudu yakan ɗauki cutar tsargiya. Wasu ƙananan tsutsotsi ne da ke girma a jikin dodon koɗi, su fito cikin ruwa, su huda fatar mai wanka ko mai wanki ba tare da ya ji ba. Bayan makonni sai a fara ganin jini a ƙarshen fitsari. A wasu ƙauyuka ana ɗaukar wannan a matsayin alamar balagar namiji, alhali ciwo ne da ke lalata mafitsara da ƙoda idan aka bar shi. Yana da magani a asibiti, amma rigakafi ya fi magani: ku kalli ruwan, kada ku shiga.

Sai sauro. Inda ruwa yake, yana nan ko da sanyi, don haka gidan sauro na cikin kayan tafiya. A riƙo rigar sanyi da man shafawa saboda hunturu, da ruwan sha mai tsabta. Game da tsaro kuma, kafin a tashi Baba ya tuntuɓi wani da ke zaune a garin da za a je, a yi tafiya da rana, a kwana cikin gari.

Kacalla da makomar dausayin

Ba za ku yi nisa a yankin ba sai kun ga wata doguwar ciyawa da ta fi mutum tsawo, mai kai kamar zangarniyar gero, ta cika bakin ruwa iyakar ganinku. Ita ce kacalla. Baƙo zai ce ta ƙawata wurin, amma ku tambayi manomi ko masunci ku ji.

Labarinta yana da alaƙa da madatsun ruwa. An kammala madatsar Tiga a 1974, ta Challawa kuma a 1992. Sun kawo alheri mai yawa: ruwan famfo ga birnin Kano, da noman rani a Kadawa da Kura da kwarin Haɗeja, inda shinkafa da tumatir da alkamar da muke ci ke fitowa. Amma sun sauya halin kogin. A da, ruwa kan zo da ƙarfi da damina ya wanke hanyoyinsa, da rani kuma ƙasa ta bushe ƙayau. Yanzu ana sakin ruwa kaɗan-kaɗan duk shekara. Kacalla kuwa abin da take so ke nan, ruwa marar zurfi da ba ya ƙafewa. Sai ta yaɗu, ta toshe hanyoyin ruwa, laka ta taru a gindinta. Sakamakon haka wasu garuruwa ruwa ya yi musu yawa har ya cinye gonaki, wasu kuma da ke can gaba ruwan ya daina isa gare su. Cikinta ne kuma jan-baki ke samun maɓoya, tsuntsayen nan da ke sauka dubu-dubu su cinye gonar shinkafa ko gero.

Mutanen ƙauyuka kan yi gayya su shiga ruwa da lauje da adda suna yanke ta, gwamnati kuma tana kawo injinan yashe kogi, amma kacalla na sake tsirowa. A gefe guda ga saran itatuwa don itacen girki da gawayi, ga farautar tsuntsaye, ga kama ƙananan kifaye da taru mai ƙananan idanu tun ba su hayayyafa ba. Gauraka, mai tukkun zinariya a ka, wadda iyayenmu suka saba gani a fadamu, yau ganinta ya zama sai an dace.

Mun kawo wannan ne domin amsar tana iya kasancewa a cikin ajinku. Ana buƙatar injiniyan ruwa da zai tsara yadda za a riƙa sakin ruwan madatsa ba tare da an cuci na ƙasa ba. Ana buƙatar masanin da zai mayar da kacalla gawayin girki ko abincin dabbobi ko takin zamani, abin da masu bincike suka riga suka fara gwadawa. Ana buƙatar likitan da zai yaƙi tsargiya, da lauyan da zai sasanta manomi da makiyayi a kan fadama, da ɗan jaridar da zai ba da labarinsu. Wanda bai taɓa ganin wurin ba, da wuya ya damu da shi.

Yadda za ku gabatar da maganar a gida

Mun san halin da ake ciki, kuɗin mota ya yi tsada, kuma ba kowane gida ne zai iya ɗaukar nauyin tafiyar kwana uku ba. Kada ku je wa Baba da rigima. Ku je masa da tsari a rubuce: ranar tashi, inda za a kwana, abin da za a gani, da abin da ku kanku kuka tara a asusu. Ku bincika ko akwai dangi ko abokin Baba a Haɗeja, Nguru ko Gashuwa, domin ziyarar zumunci ta rage kuɗin masauki, ta kuma ƙara lada. Gida biyu za su iya haɗa kuɗi su ɗauki mota ɗaya. Dambu da soyayyen nama da ƙuli-ƙuli daga gida sun fi sayen abinci a hanya sauƙi.

Idan kwana ɗaya kawai za a samu, a zaɓi Haɗeja da Baturiya. Idan biyu ne, a kwana Nguru a yi sammakon tafki. Idan uku ne, a ƙara da Dagona. Wanda bai samu zuwa da iyali ba kuma, ya kai shawarar ga malamin labarin ƙasa ko shugaban ƙungiyar kare muhalli ta makarantarsu. Ranar 2 ga Fabrairu ita ce Ranar Dausayi ta Duniya, lokacin an koma makaranta, baƙin tsuntsayen kuma ba su tafi ba tukuna. Babu ranar da ta fi ta dacewa da ziyarar ilimi.

Duk wanda Allah Ya nufa da zuwa, ya tafi da ƙaramin littafi da fensir. Ya rubuta sunan kowane tsuntsu da kifi da itace da ya gani, da Hausa, in ya samu dama har da Badanci ko Manganci ko Fulatanci, daga bakin mutanen wurin. Ya kwaso ledojinsa da robobinsa ya dawo da su. In ya dawo, ya aiko wa wannan shafi da abin da ya gani, domin 'yan uwansa da ba su samu zuwa ba su ma su ƙaru. Allah Ya kai mu hutun lafiya, Ya kuma dawo da mu lafiya.